Me ya sa ruwan motar kashe gobara yake saurin ƙarewa?

Bakanike_Ƙarami ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da warhaka. Don Allah tambaya gare ni ga duk wanda ya san kan motocin kwana-kwana, musamman in akwai wanda ya taɓa yin aikin a cikinmu. Kusan duk gobarar da za a yi in ka saurari mutanen da suka tsaya a wurin maganar ɗaya ce, wai motar ta zo ta ɗan fesa ruwa ko minti goma ba a yi ba aka ce ruwa ya ƙare, wasu ma har rantsuwa suke wai da rabin tanki ake zuwa ko kuma ba ruwan kwata-kwata. Ni kuma gyaran manyan motoci nake koya, in na kalli girman motar nan gani nake ai ya kamata ta ɗauki ruwan da za a yi awa guda ana fesawa. To me yake cinye ruwan haka? In kuma tankin ne ƙarami me ya hana a yi musu irin na tankar mai, lita 30,000 ko fiye, kowa ya huta? Wlh ba zagin kowa nake ba, so nake na fahimta don rayukan mutane ne da dukiyarsu a ciki.

Tsohon_Direba ya rubuta:

Wa'alaikumussalam ɗana. Gara da ka tambaya ba ka bi yarima an sha kiɗa ba. Na daɗe ina tuƙa motar nan kafin na ajiye aiki, kuma maganar nan ta sun zo ba ruwa an sha gaya min ita a gaban idona ina tsaye jikin famfo gumi na zuba.

Abin da za ka fara riƙewa shi ne motar kashe gobara ba tankar ruwa ba ce, famfon tura ruwa ce aka sa mata taya. Girman nan da kake gani daga waje yawancinsa ba ruwa ba ne. In ka samu dama ka roƙa a ɗaga maka ƙofofin gefen nan ka gani, mesa ce a naɗe ta ɗaruruwan mitoci, ga tsani, ga gatari, ga tukwanen iskar da ake goyawa a shiga hayaƙi, janareto, fitilu, almakashin yanka ƙarfe na ciro mutum daga motar da ta yi hatsari, jarkokin ruwan kumfa, sannan ga wurin zaman mutum biyar ko shida. Shi tankin yana can tsakiya a ɓoye, kuma a irin motar da aka fi gani cikin gari bai cika wuce lita 2,000 zuwa 4,000 ba.

To tunda bakanike ne kai yi lissafin da kanka. Mesa ɗaya irin wadda mutum biyu suke riƙewa su tunkari wuta tana fitar da kamar lita 400 zuwa 500 a minti ɗaya. In tankinka lita 3,000 ne kaga minti shida ko bakwai ya ƙare kenan. Ka buɗe mesa biyu, minti uku. In kuwa ka kunna babbar bindigar ruwan nan ta saman mota da take tura lita 2,000 ko fiye a minti, to kafin mai kallo ya gama kiran ɗan'uwansa a waya ya ce masa ga 'yan kwana-kwana sun iso tankin ya bushe ƙaf. Shi abin da idonsa ya gani ƙatuwar mota ta zo ta yi minti biyu ta yi shiru, shi ya sa ban cika ganin laifin masu maganar ba, rashin sani ne.

Na san za ka ce to me ya hana a dinga fesawa kaɗan-kaɗan ruwan ya daɗe. Wuta ba ta jin wannan. Ruwa yana kashe wuta ne ta hanyar shanye zafinta, in zafin da wutar take fitarwa ya fi ƙarfin ruwan da kake zuba mata, ruwan tururi kawai zai dinga zama tun kafin ya sauka kan abin da ke ci, ka yi awa guda kana yayyafi ka ƙarar da tankin wutar na nan yadda take. Ruwa mai yawa a minti uku yana kashe wutar da ruwa kaɗan na awa guda ba zai taɓa kashewa ba. Don haka shi ruwan tankin nan amfaninsa ka fara kai farmaki da shi nan take, ka tare wutar ko ka buɗe hanyar da za a ciro wanda ya maƙale, a cikin 'yan mintocin nan kuma sauran abokan aiki sun ja mesa sun haɗa motar da ruwan da ba ya yankewa. Ko famfon gobara na bakin titi, ko kogi ko tafki ko wani babban tanki da za a zuƙa, ko kuma tankokin ruwa da suke biyo baya suna jigila. In ɗaya cikin ukun nan babu to komai kyawun motar da komai ƙwazon mutanen cikinta minti shida ɗin nan dai shi ne.

Sai maganar a yi mata tankin lita 30,000. Ɗana lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, lita 30,000 tan 30 kenan banda nauyin motar da kayan aiki. Irin wannan motar ba za ta shiga lungu ba, ba za ta sha kwana da gudu ba, wata ƙaramar gadar ko kwalbati ba za ta ɗauke ta ba, birki kuma sai ta yi tafiya mai nisa kafin ta tsaya. Alhali ita wutar ɗaki cikin 'yan mintoci take kai matakin da komai na ciki zai kama lokaci guda. Mota mai lita 3,000 da ta iso a minti biyar ta fi mai lita 30,000 da ta iso a minti ashirin amfani nesa ba kusa ba.

Zancen rabin tanki kuwa shi ne ya fi min ciwo don duk direban da ya san aikin ya san rabin tanki ya fi cikakke hatsari. Cikakken tanki ruwan ba shi da wurin motsi. In rabi ne ka sha kwana sai duk ruwan ya kwaso ya daki gefe ɗaya, ka taka birki ya dako gaba ya tura ka, haka motoci suke kifewa. Shi ya sa ake raba cikin tankin da faifan ƙarfe ko na roba masu ramuka don su karya ƙarfin ruwan. Ƙa'idar aikin ko ƙarfe nawa aka dawo daga gobara ba mai zama sai an cika tanki an wanke mesa an mayar da komai wurinsa. Ban ce ba a samun tashar da ake sakaci ba ko wadda tankin motarta ke yoyo an ƙi gyarawa, ana samu, kuma wannan laifi ne babba da ya kamata a tuhumi masu kula da wurin. Amma mafi yawan abin da mutane ke kira zuwa ba ruwa lissafin da na yi maka ne a sama.

Bakanike_Ƙarami ya rubuta:

Allah ya saka da alheri Baba, gsky ban taɓa kawo zancen nauyin nan a raina ba. Amma to waɗancan ƙattin na filin jirgi fa masu taya shida ko takwas? Su ai na ga kamar sun ɗauki ruwa sosai kuma suna gudu. Sannan da kuka ce zuƙa daga kogi, injin motar ne yake jan famfon ko wani inji ne daban a baya?

Mai_Tanka ya rubuta:

Baba ku yi haƙuri in ɗan sa baki kafin ku ba shi amsa. Duk abin da kuka faɗa gaskiya ne amma ni a ganina lissafin nan na inda ake da famfon gobara a kowane layi ne kuma in an murɗa ruwa ya fito. Akwai wurare da yawa a duniya, ƙauyuka da unguwannin da suka girma ba tsari, da ko famfon babu ko kuma yana nan amma bututun a bushe yake. A irin wannan wurin in aka sayo ƙaramar mota mai lita 2,000 don kawai haka ake yi a manyan birane ai an cuci mutane. Ni jigilar ruwa nake da tanka kuma an sha tare ni a hanya a roƙe ni in bi motar kwana-kwana, in na isa sai ka tarar wutar da suka fara dannewa ta dawo sabuwa saboda tazarar da aka samu tsakanin ƙarewar ruwansu da isowata. Kamata ya yi duk tashar da ke irin wannan wurin a ba ta tankarta ta kanta mai lita 10,000 ko sama su fita tare, ba sai wuta ta kama ba a fara neman mai tanka a titi.

Malamin_Tarihi ya rubuta:

Maganar Mai_Tanka tana kan hanya, kuma in aka duba tarihin abin za a ga tun farko matsalar ba ta famfo ba ce, ta kai ruwa ga famfon ce. Shi famfo mai tura ruwa da ƙarfi tsohon abu ne, wani mai suna Ctesibius ya ƙera irinsa a Iskandariyya ta Masar fiye da shekara 200 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Amma ɗaruruwan shekaru bayan haka mutane layi suke yi da bokitai suna miƙa wa juna ana juyewa a cikin akwatin famfon, wasu kuma na ta danna hannunsa sama da ƙasa, kuma dole a turo famfon har gindin wutar tunda ba mesa. Sai a 1672 wani mutumin Amsterdam, Jan van der Heyden, ya fito da mesar fata da ake ɗinkawa ana haɗa ta guntu-guntu, daga nan ne aka samu damar ajiye famfo a bakin ruwa a ja mesa zuwa inda wuta take. Famfon da tururi ke juyawa kuma a Landan aka fara shi a 1829.

Abin da nake so ku duba sosai shi ne gobarar Baltimore ta Amurka a watan Fabrairun 1904. Wuta ta fi ƙarfin 'yan garin aka nemi agaji, aka ɗoro motocin famfo a jirgin ƙasa daga Washington da Philadelphia da New York. Ga kayan aiki ga ma'aikata ga ruwa, amma da yawa cikin baƙin da suka zo haɗa mesarsu da famfunan titin garin sai bakin ya ƙi shiga, saboda kowane gari da irin zaren bakin mesarsa. Wutar ta yi kusan awa 30 tana ci, gine-gine sama da 1,500 suka tafi. Bayan wannan ne aka tashi tsaye a kan a fitar da ma'auni ɗaya, kuma duk da haka garuruwa da dama sun ɗauki shekaru ba su canza ba. A Jamus da wasu ƙasashen Turai kuma wani irin baki suke amfani da shi da ake kira Storz, sunan wanda ya ƙirƙiro shi ne a shekarun 1880, shi ba namiji ba mace, kowane baki yana kama ɗan'uwansa da 'yar murɗawa kaɗan. Na kawo wannan ne don har yau abin na faruwa a ƙasashen da ake sayo mota ɗaya daga nan ɗaya daga can ko a karɓi kyautarsu daga ƙasashe daban-daban, ranar babbar gobara a tarar mesar wannan ba ta shiga motar waccan. Wanda ke sa hannu a takardar sayen mota ya kamata ya tambayi masu aikin wane irin baki suke da shi tun kafin ya tambayi launin fenti.

Anti_Nas ta rubuta:

Sannunku da ƙoƙari. Ni a motar asibiti nake aiki kuma kusan duk babbar gobara muna bayansu, don haka bari in ƙara wani abu da ba a taɓo ba. Ana ta lissafin minti shida na ruwa, to mintocin da ake ɓatawa a hanya fa? Wlh abin da muke gani a titi yana sa ni kuka wani lokacin. Kana jiniya kana fitila mutum na gabanka ya rufe gilashi ya ƙure rediyo bai ma san kana yi ba, wani kuma in ya ji sai ya rikice ya taka birki a tsakiyar titi ya tsaya cak, wannan ya fi wanda bai kauce ba hatsari don motar da ke ɗauke da tan uku na ruwa ba ta tsayawa yadda ƙaramar mota take tsayawa. Sai kuma masu bin bayanmu a guje don su tsallake cunkoso, su kam ban san me zan ce musu ba, in muka tsaya ba shiri cikinmu za su shige kuma akwai mara lafiya kwance a daidai ƙofar bayan nan.

Abin ba wuya. Ka ji jiniya ka duba madubi ka gane ta ina take zuwa, ka sa sigina, ka gangara gefe a hankali ka tsaya, in ta wuce kar ka yi saurin komawa don sau da yawa akwai ta biyu da ta uku a baya. A Jamus da Ostiriya doka ce ma, da zarar cunkoso ya fara a babbar hanya tun kafin a ji wata jiniya, na layin hagu na ƙarshe su matsa hagu sauran duk su matsa dama a bar fili a tsakani. Tun kafin a ji jiniya fa na ce, don in motoci suka riga suka cushe ba mai iya motsawa.

Sannan don Allah a daina ganin motar asibiti na tafiya a hankali da fitila a kunne a ce ai ba kowa a ciki ko wasa suke. Wani lokacin a hankalin nan shi ne aikin, ina baya ina neman jijiya zan sa ruwa, ko mai karaya a baya ne da ko ƙaramin rami aka faɗa zai iya ƙara masa illa, ni da kaina nake buga wa direba in ce ya rage. Kuma a wurin gobara yawancin waɗanda muke ɗauka ba ƙuna ce ta kawo su ba hayaƙi ne, hayaƙi ya fi harshen wutar kashe mutane. Mutum zai fito da ƙafarsa ya ce lafiyarsa ƙalau kansa ne kawai ke ɗan ciwo, alhali gubar hayaƙin ta riga ta shiga jininsa, in kun ga irin wannan ku kawo mana shi mu sa masa iska ko da yana gardama, musamman in akwai baƙi-baƙi a hancinsa ko muryarsa ta dishe.

Na_Motar_Shara ya rubuta:

Anti kin yi gaskiya. Ni kuma motar kwashe shara nake bi, kar ku ce me ya kawo ni cikin zancen gobara, wlh aikinmu da nasu a haɗe yake. Layin da aka bar shara ta taru ta cinye rabin hanya ai motar Baba ba za ta shiga ba, kuma na sha kwashe bola in tarar da murfin famfon gobara a ƙarƙashinta an binne shi ba wanda ya ma san yana wurin. In magudanar ruwa ta toshe da leda haka nan, sai motar zuƙe kwata ta zo, in ba ta zo ba ruwan sama ya cika titi ba motar agajin da za ta wuce.

Abin da nake roƙo shi ne mutane su san me suke zubawa. Motarmu tana da wani ƙarfe a baya da mai ke turawa yana danne sharar yana matse ta don ta ɗauki da yawa. To ka sa tsohon batirin waya ko na fawa-bank ko gwangwanin maganin sauro mai sauran gas ko tokar da ba ta gama hucewa ba a cikin leda ka ɗaure, mu ba mu gani ba muka jefa, ƙarfen nan ya matse shi a tsakiyar takardu da robobi. Muna cikin tafiya sai ka ga hayaƙi na fitowa ta baya. Abin da aka koya wa direba shi ne ya nemi fili nesa da gidaje da wayar lantarki ya juye kayan gaba ɗaya a ƙasa ya ja motar gefe sannan a kira 'yan kwana-kwana, don in wutar ta kai ga bututun man nan motar ta tafi kenan. Mutane in sun ga haka sai su hau zagi wai mun zubar musu da shara a hanya, ba su san motar da mutanen cikinta aka tserar ba. Batir dai a ware shi daban don Allah, ko a miƙo mana a hannu.

Tsohon_Direba ya rubuta:

Mai_Tanka ban ƙi taka ba ko kaɗan, inda ba famfon titi dole tanka ta zama 'yar gida a tashar. Gyara ɗaya kawai zan yi, tankar ta biyo bayan ƙaramar ne ba ta maye gurbinta ba. Dabarar da 'yan kwana-kwanan karkara suke yi a Amurka ta burge ni, suna tafiya da wani tanki na tamfol mai naɗewa, in an isa a buɗe shi a ƙasa, tanka ta zo ta juye ruwanta a ciki cikin minti biyu ko uku ta juya ɗebo wani, ita kuma motar famfo tana zuƙa daga tamfol ɗin ba ta tsaya ba. Da tanka biyu ko uku suna zagayawa tazarar nan da kake magana ba za a same ta ba.

Ɗana sai tambayoyinka. Na filin jirgi aikinsu daban ne shi ya sa ƙirarsu daban. Su ba lungu a gabansu ba cunkoso, fili ne a shimfiɗe, kuma ba famfon titi a tsakiyar hanyar saukar jirgi don haka dole su ɗauki komai a jikinsu. Ƙa'idar hukumar jiragen sama ta duniya ita ce su isa kowane ɓangare na hanyar jirgin cikin minti 3 da kira. Irin su Panther ta kamfanin Rosenbauer na Ostiriya ko Striker ta Oshkosh a Amurka, mai taya shida tana ɗaukar wajen lita 11,000 zuwa 12,000, da wannan nauyin kuma ake son ta kai gudun kilomita 80 cikin daƙiƙa 40 ko ƙasa da haka, kuma tana tafiya tana fesawa direba na juya bindigar daga inda yake zaune. Amma ka san wani abu? Ita ma in ta buɗe bindigar saman nan gaba ɗaya minti biyu zuwa uku ruwan nata ya ƙare. Kuma ba zallan ruwa take fesawa ba don man jirgi da fetur a saman ruwa suke tasowa, ka zuba musu ruwa ka ƙara yaɗa wutar ne. Ruwan kumfa ake gaurayawa, kashi 3 ko 6 cikin ɗari, ya fito ya lulluɓe man ya raba shi da iska.

Famfon kuwa a yawancin motocin gari injin motar ne dai yake jan sa. In na isa sai in ja birkin hannu in sa giya a furi in jawo wani liba da ke karkatar da ƙarfin injin daga taya zuwa famfo, sannan in sauko in koma wurin agogunan da ke nuna ƙarfin ruwa. Shi ya sa za ka ji injin na ta ruri motar na tsaye, kuma shi ya sa za ka ga direba bai riƙe mesa ba, ba lalaci ba ne, shi ke kula da ƙarfin ruwan da ke zuwa hannun waɗanda ke cikin hayaƙi, ya yi yawa mesa ta kwaɗa mutum da ƙasa ya yi kaɗan wuta ta taso musu. Cikin famfon farfela ce ke juyawa tana wurga ruwa waje, kuma farfelar nan ba ta iya jan iska, don haka in daga kogi za a zuƙa sai an fara kunna wani ƙaramin famfo ya tsotse iskar da ke cikin mesar zuƙa tukun ruwan ya hawo. Mesar zuƙan ma daban ce, mai tauri ce da waya a jikinta don kar ta lotse, da rariya a bakinta saboda yashi da ciyawa. Ko 'yar ƙaramar kafa aka samu a wurin haɗi iska na shiga to ruwa ba zai hau ba. Kuma akwai iyaka, komai ƙarfin injinka ba za ka zuƙo ruwan da ke ƙasa da kai da fiye da kamar mita 7 zuwa 8 ba, don nauyin iskar sama ne ke turo shi ba injin ba, a lissafin takarda ma mita 10 ne ƙarshe. Shi ya sa mutane za su nuna maka rijiya mai zurfi su ce ga ruwa nan ka ƙi ɗiba, alhali ba yadda za ka yi da ita sai dai in kana da famfon da ake zurawa ciki.

Tunda gyaran manyan motoci kake koya ka nemi ogan naka ya haɗa ka da masu duba motocin wata tasha ko da kallo ne. Abin da ya fi kashe motocin nan zama ne ba tafiya ba, batir ya sauka, robobin bawul su bushe, ƙaramin famfon tsotsar iskar nan ya ƙame don an daɗe ba a taɓa shi ba. Kowace safiya ana tayar da inji a sa famfo a giya a duba ruwan tanki da na kumfa da iskar birki, lokaci-lokaci kuma a kai ta bakin ruwa a gwada zuƙa a ga ko tana riƙewa. Masu iya gyaran ɓangaren famfon ba su da yawa, mafi yawan makanikai a inji da giya suke tsayawa. In ka je ka ce su fara nuna maka gwajin da ake rufe duk bawul-bawul a tsotse iska a zuba wa agogo ido a ga ko allurar za ta sauka, daga nan ake gane famfon da ke shan iska.